Baƙin gindi a tumatirin buhu: nazarin wani lambun tsakar gida a Kano

Gidan da yadda aka kafa lambun

Lambun na yayata ne. Malamar firamare ce, tana zaune da 'ya'yanta uku a wata unguwa cikin birnin Kano, ni kuma a lokacin ina ɗakin soro na gidan. Ita ta yi aikin, ni na riƙa rubuta kwanan wata da awo a bayan wani littafin makaranta, kuma daga nan na ɗauko duk adadin da ke cikin wannan rubutu.

Tsakar gidan daɓen siminti ne tun daga bakin zaure har madafa, babu inda za a sa fartanya. Wurin da ta ware bai wuce taku shida a tsaye, huɗu a kwance ba, a jikin katangar gabas. Rana tana sauka a kansa tun hantsi, ba ta barinsa sai bayan la'asar, katangar kuma in ta sha zafi sai ta yi ta huro shi a kan shuka har magariba. Ruwan famfo kan zo sau ɗaya ko biyu a mako, wani makon ma shiru. Sauran kwanakin 'yan garuwa ake jira, masu jarka mai lita 25.

Shekaru ta yi tana shuka alayyafo da yakuwa da lalo a fasassun bokitai, ga zogale ɗaya a lungu, ba su taɓa ba ta wahala ba. In sun yi yaushi ta zuba musu ruwa, kafin dare sun miƙe. Tsadar kayan miya ce ta sa ta ce bari ta gwada tumatir da ɗan yawa, wanda zai ishi tukunya har a yanka a shanya kauɗa.

Ta samo buhunan siminti 20 a wajen wani gini, aka kakkaɓe aka wanke, ta naɗe bakin kowanne zuwa rabi, ta huhhuda gindinsa. Ƙasar da ta zuba haɗi ce: ragowar yashin gini, turɓayar wani fili, da busasshen kashin awaki. Kowane buhu ya ci ƙasar da ba ta cika bokitin fenti mai lita 20 ba, kimanin lita 15. A buhu 12 ta yi niyyar sa dogon tumatir, irin Roma VF da ta saya a leda. Sauran 8 na zagayayyen tumatir ne da ta matse irinsa daga wanda ta sayo a kasuwar 'Yankaba.

Oktoba zuwa Disamba

Ran 27 ga Oktoba ta yafa iri a tsohon baho. Ran 24 ga Nuwamba, da yamma, ta yi dashe, tushe biyu a kowane buhu, tushe 40 ke nan. Duka suka kama. Furen farko ya buɗe ran 18 ga Disamba, kafin ƙarshen wata 'ya'ya sun fara ƙullawa.

Ban ruwa ba shi da tsari tsayayye. Da safe kafin ta wuce makaranta takan zuba wa kowane buhu kofin roba ɗaya ko biyu. Ranar da famfo ya zo ta jiƙa su har ruwa ya gangaro kan daɓe. Ranar da 'yan garuwa suka makara, girki da wankan yara ake fara yi wa tanadi, shuka ta jira gobe. Da shukar tana ƙarama wannan bai nuna komai ba. Zuwa ƙarshen Disamba kuwa ta kai gwiwa, ganye ya rufe buhu, iskar hunturu mai busar da leɓe tana kaɗawa yini guda.

3 zuwa 7 ga Janairu

Biki ya kai mu Zariya kwana huɗu. An bar wa yaron maƙwabta sallahun ban ruwa, ya zo sau ɗaya. Da muka dawo duk tushen 40 sun langaɓe, ƙasar buhun ta ja baya daga jikin buhun har yatsa na shiga tsakani. A daren ta sayi jarka huɗu ta juye musu. Washegari da safe sun miƙe kamar ba abin da ya same su, sai 'yan furanni da suka zube.

15 ga Janairu: tabon farko

'Yarta ce ta fara gani. A ƙasan wani ɗan tumatir ɗanye, daidai wajen da fure ya bushe ya faɗi, akwai tabo kamar an ɗiga mai a takarda. Cikin kwana uku tabon ya faɗaɗa ya kai faɗin murfin kwalba, ya koma ruwan ƙasa sannan baƙi, ya lotsa ciki, ya bushe kamar fata. Ta saman, wajen mariƙi, ɗan tumatirin lafiya lau, shi ya sa sai an ɗaga shi ake gani. Wasu da suka kamu suka riƙa ja tun ba su kai girma ba. Ita ce ta sa masa suna baƙin gindi, da shi muka ci gaba da kiransa.

Daga ranar ta riƙa tsinke duk wanda ya kamu tana zubarwa a waje don kada ya shafa wa sauran, ni kuma ina tara ƙidaya duk bayan kwana bakwai.

16 zuwa 22 ga Janairu: maganin Sharon

Abin da ya fara faɗo mata shi ne tsutsar nan da manoman tumatir ke kira Sharon, wadda a littafi ake ce wa Tuta absoluta. Duk wanda ya yi cefane a 2016 bai manta da ita ba. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu. A waccan shekarar ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don babu abin niƙawa, miya kuma ta koma ta kauɗa da gwangwani. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ta ɗauki hoto a waya ta kai wani shagon magungunan gona. Mai shagon ya duba hoton ya ce Sharon ce, ya ba ta ƙaramar kwalbar maganin ƙwari irin saifametirin. Ta yi feshi ran 16, ta maimaita ran 21. Alayyafon da ke gefen buhunan ya sha feshin shi ma, dole ta yanke shi ta zubar, domin ganyen da ake tsinka kullum ba zai jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Wannan ita ce asarar da ta fi ci mata rai a makon, don da shi ake miyar yara.

Ƙidayar 22 ga Janairu: 41 suka kamu. Daga cikinsu 34 Roma ne.

23 zuwa 29 ga Janairu: taki, ɓawon ƙwai, maganin fumfuna

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce yunwa ce ke damun shukar, ta kawo mata ragowar takin yuriya a leda. Ran 23 ta zuba wa kowane buhu cokalin cin abinci guda, ta bi da ruwa. Cikin kwana biyar ganye ya yi kore shar, sababbin rassa suka fito ta ko'ina, duk wanda ya shigo gidan sai ya yaba.

Ran 25 aka turo mata wani bidiyo a WhatsApp da ke cewa rashin sinadarin kalsiyam ne, maganinsa ɓawon ƙwai. Ta aika wajen mai shayi aka tara mata, ta daka sama-sama a turmi, ta barbaɗa a saman ƙasa.

Ran 27 ta lura wasu tabban sun fara fitar da baƙin gashi-gashi kamar na tsohon burodi. Ta koma shagon, aka ce to fumfuna ce, aka ba ta garin mankozeb mai ruwan ɗorawa. Ta fesa a ranar.

Ƙidayar 29 ga Janairu: 38. Ban ruwa yana nan yadda yake.

2 ga Fabrairu: zuwan mai lambu

Akwai wani dattijo da ke kawo wa unguwar latas da albasa mai lawashi a keke. Lambunsa yana gefen kogin Challawa, ya tsufa a noman rani. Ranar da ya zo ta ce, "Baba, don Allah shigo ka duba mana tumatirin nan, magani ya ƙi ci."

Bai tambayi sunan maganin ba. Ya fara da ganye, yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su a hasken rana. Ya nuna mata cewa Sharon a cikin ganye take fara zama, tana cin tsakiyarsa ta bar fatar sama da ta ƙasa, sai ka ga farin tabo kamar leda da ɗigon baƙin kashinta a ciki. In ta shiga ɗan tumatir kuma rami take hudawa, galibi ta wajen mariƙi. Bai samu ko ɗaya ba. Ya karɓi wuƙa ya raba uku daga waɗanda suka kamu: babu tsutsa, babu hanyar tsutsa, baƙin ya tsaya a gindi, saman kuwa tsaf.

Sannan ya tambayi yaushe aka ba su ruwa. Ta ce da safen nan. Lokacin ana shirin kiran azahar. Ya tura hannunsa cikin buhu har wuyan hannu, ya damƙo ƙasa ya buɗe tafinsa, ta zube kamar gari. Ya ce a kawo kofin ruwa, ya zuba a wani buhun muna kallo. Ruwan bai nutse ba, ya gangara ta gefe, ta ratar nan da ke tsakanin ƙasa da buhu, kafin a ƙirga goma ya fito kan daɓe. Da izininta ya kwantar da buhu ɗaya ya zare shi. Saiwar tushen biyu ta sarƙe ta zagaye ƙasar kamar raga, wajen yatsa biyu na sama ne kawai ke da danshi, tsakiyar busasshiya ƙamas. Ɓangaren da ke kallon rana ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu, saiwar wajen ta koma ruwan ƙasa.

Yana shirin fita ya tsaya a wajen da ake alwala. A wata tsagar daɓe, gefen magudana, wani tumatir ya fito da kansa, ba wanda ya shuka shi, ba a taɓa fesa masa komai ba, ba a ba shi taki ba. Ya ɗaga 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, babu mai tabo. Ya ce, "Hajiya, wannan sau biyar yake shan ruwa a yini. Naki kuwa yau biki gobe azumi."

Ya gaya mata abubuwan da za ta canza, ya kuma ja kunnenta cewa waɗanda suka riga suka ƙulla za su ci gaba da nuna tabo har mako biyu, kada ta ɗauka aikin bai yi ba. Ya ce ta ɗaura zare a kan gungun furannin da ke buɗe yanzu, su za ta duba.

3 da 4 ga Fabrairu: abin da aka canza

An ajiye feshi da yuriya gaba ɗaya.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne mayar wa ƙasar da danshi. Ta tsattsaga saman da tsinke mai kauri, ta danna gefen don rufe ratar, ta riƙa zuba rabin kofi tana jira ya nutse kafin ta ƙara. Buhu ɗaya kan ci kusan minti goma. Wasu da suka ƙi sha sai da aka zaunar da su a baho mai ruwa na rabin awa suka tsotsa ta ƙasa.

A kowane buhu ta yanke tushen da ya fi rauni daga ƙasa da wuƙa, ba ta tumɓuke ba don kada ta tsinka saiwar ɗan'uwansa. Wannan ya yi mata wuya ƙwarai, shuka mai 'ya'ya ce take yankewa da hannunta. Ta warware naɗin bakin buhunan, ta ƙara ƙasa mai ruɓaɓɓen taki kimanin tafin hannu, ta rufe saman da buntun shinkafa mai kaurin yatsa uku da aka samo a wajen masu injin casa.

Aka janye buhunan daga jikin katanga taku ɗaya, aka ɗora su kan tsofaffin katakai, aka matso da su jikin juna don su yi wa juna inuwa. Ta ɓangaren yamma aka kafa guntun zana mai tsayin buhu, wanda ke tare rana daga jikin buhun amma ya bar ganye a fili.

Ruwa ya koma kan awo da lokaci: robar lita ɗaya da rabi ga kowane buhu bayan sallar asuba, wata bayan la'asar. A kan buhunan Roma ta ƙara robar ruwa da aka huda murfinta da allura aka kifa a ƙasa, tana ɗiga a hankali lokacin da take makaranta. Lissafin ya kama lita 60 zuwa 70 a yini, kusan jarka uku. Don kada ya dogara da zuwan 'yan garuwa ta sayi tsohuwar durom ta ware ta ga lambu kaɗai, ana cika ta ranar famfo. Aka kuma ajiye baho a wajen alwala da wani a madafa na ruwan wankin shinkafa da kayan miya. Ruwan da ya taɓa sabulu ko omo ba ya shiga.

Buhun da Baba ya zare bai tashi ba, saura 19. Biyu daga ciki, duka Roma, katako da buntu suka ƙare kafin a kai kansu. Suka zauna a jikin katanga kan daɓe, da tushensu bibbiyu, amma ruwa iri ɗaya ake ba su da sauran.

5 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris

Ƙidayar 5 ga Fabrairu ita ce mafi muni: 52. Ta 12 ga wata: 30. A ranar ta ce mini ta gaji, gara ta tumɓuke ta mayar da alayyafonta. Muka je muka duba gungun da aka ɗaura wa zare. 'Ya'yan sun kai girman goro, babu tabo ko a ɗaya a cikin buhunan da aka gyara. Ta fasa.

Ran 19 ga wata: 11, shida daga ciki na buhunan nan biyu ne na jikin katanga. Ran 26: 4, uku nasu ne. In aka tura yatsa cikinsu da azahar a bushe ake samu, alhali na bayan zana suna da sanyin danshi har la'asar.

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ba ta sayi tumatir ba. Kauɗar da aka yi buri dai ba a samu ba. Da Maris ya yi nisa zafi ya shigo, furanni suka riƙa bushewa suna zubewa ba tare da sun ƙulla ba, wanda haka tumatir yake yi in zafin rana ya haura digiri 35 dare kuma bai yi sanyi ba. Ran 28 ga Maris ta cire su.

Shekara ta biyu

Ta yafa iri ran 5 ga Oktoba, mako uku kafin lokacin bara, don 'ya'ya su gama kafin bazara. Buhunan shinkafa masu kilo 50 ta yi amfani da su, guda 14, kowanne da ƙasa kimanin lita 30 da tushe ɗaya. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar gona mai ɗan laka, kashi ɗaya takin awaki da ya kwana damina a rami ya ruɓe, kashi ɗaya tsohon buntu. Babu yashin gini. Duka Roma ta sa, da gangan, don shi ya fi kamuwa bara. Katako da zana da buntu tun ranar dashe. Taki kuwa NPK 15:15:15, murfin kwalba ɗaya nesa da tushe, mako biyu bayan dashe, sai wani da fure ya fara.

Ruwa ya riƙa ƙaruwa da girman shuka: rabin lita sau biyu a yini a makonnin farko, lita ɗaya sau biyu da fure ya fito, lita ɗaya da rabi sau biyu da 'ya'ya suka yi nauyi. Kafin ta zuba takan tura yatsa ƙarƙashin buntu, in ta ji ƙasar ta yi caɓa sai ta rage.

A duk tsawon lokacin 9 ne suka yi baƙin gindi, bakwai a gungun farko. A Fabrairu Sharon ta gaske ta bayyana a wasu ganyayen ƙasa, ta gane ta da farin tabon da Baba ya kwatanta, ta riƙa tsinke ganyen tana ƙonawa, tana fesa ruwan dakakken ƙwallon darbejiya da yamma. Ba ta kai ga 'ya'ya da yawa ba. A wannan shekarar an shanya kauɗa.

Abin da ya faru a cikin shukar

Baƙin gindi ba cuta ba ce da ke yaɗuwa, ba kuma ƙwaro ne ke kawo shi ba. Bidiyon nan ya faɗi rabin gaskiya: kalsiyam ne ya gaza a gindin ɗan tumatir, shi ne sinadarin da ke riƙe bangon ƙwayoyin naman, in babu shi su rushe wajen ya mutu. Rabin da bai faɗa ba shi ne yadda kalsiyam ke isa can. A cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama, kuma inda ruwa ya fi fita nan ya fi zuwa. Ganye yana fitar da ruwa yini guda, balle a iskar hunturu. Ɗan tumatir kuwa fatarsa a rufe take, kaɗan yake ja, gindinsa kuma shi ne ƙarshen hanya. In ruwa ya yi ƙaranci ganye ne ke kwashewa. Kalsiyam ɗin da ya riga ya zauna a ganye kuma ba ya dawowa ya taimaki ɗa. Don haka ƙasa tana iya cike da shi, ɗan tumatir ya rasa.

Ɓarnar tana faruwa ne a mako biyu zuwa uku na farko bayan ɗa ya ƙulla, lokacin da yake kumbura da sauri, sai daga baya ido ya gani. Wannan jinkirin ne ya rikita komai a lambun. Tabon 15 ga Janairu na tafiyar Zariya ne. Adadin 52 na 5 ga Fabrairu, wanda ya zo kwana biyu bayan fara gyara, na makon yuriya ne. Da ba a ɗaura zaren nan ba, da an yanke wa gyaran hukunci da laifin abin da ya gabace shi.

A ganina yuriyar ce gwajin da ya yi ɓarna da gaske. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, sinadarin da ke haɓaka ganye, cokali guda a lita 15 na ƙasa ya yi yawa. Ta ninka ganye, ganye kuma shi ne abokin takarar ɗa a wajen ruwa. A ƙasa tana fara komawa amoniyam, wanda ke rage wa saiwa ɗaukar kalsiyam, ga shi kuma yawan taki a busasshiyar ƙasa yana sa saiwa ta kasa jan ruwa. Koren da aka yi ta yabawa a ƙarshen Janairu, shi ne ya ƙara wa 'ya'yan ƙishi.

Feshin magungunan biyu an bar jaki ne ana dukan taiki. Fumfunar da ta gani gaskiya ce, amma bayan nama ya mutu ta sauka a kai. Abin da ya fi damuna a nan shi ne an sayar da guba sau biyu a kan hoton waya, ga gidan da yara ke wasa a gefen shukar, ba tare da an tambayi ko an ga tsutsa ko an duba ganye ba. Raba ɗan tumatir ɗaya da wuƙa ya isa ya kawar da zancen Sharon tun ran 16. Ɓawon ƙwai bai cutar ba, bai kuma amfana ba: da muka juye buhunan a Maris yana nan fari ƙal yadda aka barbaɗa shi. Watanni yake ɗauka kafin ya narke, wurinsa ramin taki ne tun kafin shuka.

Cikin abubuwan da aka gyara, buhunan nan biyu na jikin katanga sun nuna cewa tsara ban ruwa kaɗai bai isa ba. Ruwa iri ɗaya suke samu a yini da sauran, amma tushe biyu a lita 15 na ƙasa mai yashi, a kan daɓe mai zafi, ba sa iya riƙe shi daga asuba zuwa la'asar. Buntu da zana da rage tushe su ne suka sa ruwan ya zauna. Shi ya sa na fi ɗora nasarar shekara ta biyu a kan girman buhu fiye da komai: ƙasa mai yawa tana yafe makarar awa biyu ko uku, ƙarama ba ta yafewa. Alayyafo da yakuwa sun saba mata da cewa shukar da ta miƙe bayan yaushi ta warke. Ga ganye haka ne. Tumatir yana miƙewa, amma 'ya'yan da ke ƙanana a ranar sun riga sun ɗauki tabon. Dogayen iri kamar Roma sun fi saurin kamuwa fiye da zagayayyu da ƙanana, haka kuma tattasai da kankana suna yin irin wannan baƙin in ruwa ya riƙa yanke musu.

Inda lambun ke da rauni har yanzu shi ne ranar tafiya. Robar ɗigo mai lita ɗaya da rabi ba ta wuce yini guda. A shekara ta biyu da ta yi tafiyar kwana uku a Disamba, ta cika durom, ta jera robobin awo a gefenta, ta bar wa maƙwabciyar nan da ta kawo yuriya makullin gida, da alkawarin kwanon tumatir in sun nuna.